Darasi: Dutsen Vinson da Ƙanƙarar da ta Taɓa Rufe Jado

Ƙanƙara iri biyu muka sani a nan Takieta. Akwai wadda ke faɗowa daga sama da damina, ta zo da iska da ƙara, ta yayyaga ganyen gero da wake, kafin yara su gama tsintarta a ƙwarya har ta fara narkewa. Akwai kuma ta firji, wadda ake sayarwa a leda da bazara, musamman in azumi ya faɗo cikin zafi. Duka biyun ba sa daɗewa. Shi ya sa in aka ce wa mutumin nan akwai ƙasar da ƙanƙara ta rufe tun kafin a san ɗan Adam a doron duniya, kuma har yau ba ta narke ba, sai ya ɗauka tatsuniya ake yi masa.

Ƙasar tana nan, sunanta Antatika. Yau za mu karanta labarin dutsen da ya fi kowane tsawo a cikinta, mu kuma ga abin da ya haɗa shi da ƙasarmu ta Nijar. Kowa ya ajiye littafin rubutunsa da alƙalami kusa, akwai lissafi a gaba.

Ina dutsen yake

In ka tsaya a mararrabar Takieta ka bi hanyar Matamai, kudu ka nufa. Ka wuce Kano, ka wuce Ikko, ka shiga teku, ka yi ta tafiya har Afirka ta ƙare a bayanka. Bayan ruwa mai tsananin sanyi da igiyoyi, sai ka iske wata nahiya fara fat, ta kewaye ƙuryar kudu ta duniya. Faɗinta ya kai murabba'in kilomita miliyan 14. Faɗin Nijar murabba'in kilomita 1,267,000 ne, wato sai an jera Nijar 11 kafin a cika ta. Duk faɗin nan babu gari, babu gona, babu bishiya ko ɗaya, babu wata ƙabila da za ta ce nan ne asalinta. Masu bincike ne kawai ke zama a tashoshin da ƙasashe suka gina, dubbai kaɗan lokacin da rana ke fitowa, wajen dubu ɗaya lokacin duhu.

A yammacin nahiyar akwai jerin duwatsu da ake kira Ellsworth, da sunan wani Ba'amurke, Lincoln Ellsworth, wanda ya hango su daga jirgin sama a 1935. Cikinsu Dutsen Vinson yake. Tsawonsa mita 4,892 daga bakin teku. Tsakaninsa da ainihin ƙuryar kudu kimanin kilomita 1,200 ne, tsakaninsa da Takieta kuwa fiye da kilomita 11,000. Don a ji nauyin wannan tsawo, a tuna cewa wurin da ya fi ko'ina bisa a Nijar shi ne kan duwatsun Bagzan a Abzin, mita 2,022. Ko an ɗora Bagzan bisa Bagzan, da sauran tafiya kafin a kai kan Vinson.

Nisansa ya sa ido bai gan shi ba sai a watan Janairun 1958, lokacin da wani jirgin sojan ruwan Amurka ya bi ta kansa. A lokacin an riga an hau Eberest, dutsen da ya fi kowane tsawo a duniya, da kusan shekara biyar. Aka raɗa masa sunan Carl Vinson, ɗan majalisar dokokin Amurka da ya taimaka aka sami kuɗin bincike a Antatika. Duwatsunmu mutanen da ke zaune a gindinsu ne suka sa musu suna, suka yi kiwo a kansu, suka ɓuya cikinsu lokacin yaƙi. Wannan bai taɓa samun maƙwabci ba.

Me ya kawo sanyin

Abu na farko tsawo ne. Duk mita 1,000 da ka hau, zafi na raguwa da kimanin digiri 6 da rabi. Mutanen Abzin sun san haka ba tare da littafi ba: da hunturu ruwa kan daskare da dare a kan Bagzan, alhali a Agadas bargo ya isa. Shi ya sa ma Kilimanjaro na Tanzaniya, mai mita 5,895, yake da ƙanƙara a kansa duk da yana tsakiyar ƙasashen zafi.

Amma ku yi lissafi. A ce an ɗauko Vinson an dasa shi a ƙasar Damagaram, inda muke kimanin mita 450 sama da teku. Kansa zai ɗara mu da wajen mita 4,400. In ana digiri 42 a ƙasa ran wata bazara, a samansa za a sami digiri 13 ko kusa da haka. Sanyi ne, amma ruwa ba ya daskarewa sai an kai sifiri. To a can inda yake, lokacin da ake cewa an sami sauƙi, ma'auni na nuna digiri 30 ƙasa da sifiri. Ke nan tsawo kaɗai bai isa ba.

Abu na biyu shi ne yadda rana ke dukan ƙasa. Wannan sai an gwada. Ku sami ƙwarya babba ku kifa ta cikin ɗaki mai duhu, ɗaya ya riƙe tocila daga gefe ya haska jikinta daidai. Inda hasken ya daki ƙwaryar kai tsaye za ku ga ya taru wuri ɗaya, da ƙarfi. Ba tare da an canja nisan tocilar ba, a ɗaga ta kaɗan hasken ya faɗa can kusa da ƙoƙon sama: sai ku ga ya baje, ya yi rauni. Mu muna inda rana ke tsayawa tsakar ka. Su can rana ba ta taɓa hawa sama sosai, kullum a karkace take, tana shafar ƙasa ta gefe. Ɗan zafin da ya iso kuma, farin dusar ƙanƙara ya mayar da wajen kashi 80 cikin 100 nasa sama.

Akwai na uku, wanda ya fi ba da mamaki. Duniya a ɗan karkace take zagaya rana. Saboda haka a wajen Vinson, daga ƙarshen Oktoba zuwa Fabrairu rana ba ta faɗuwa sam, sai dai ta yi ta kewaya sararin sama. In kuma lokacin daminarmu ya zo, su sai su shiga dare na watanni, ba fitowar rana ko ɗaya. A ainihin ƙuryar kudu, wata shida rana, wata shida dare. Cikin irin wannan dogon dare ne, ran 21 ga Yuli 1983, aka auna digiri 89.2 ƙasa da sifiri a tashar Rashawa ta Bostok, sanyi mafi tsanani da ma'auni ya taɓa nunawa a bisa ƙasa.

A nan kusan kowane aji sai an sami wanda ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, to yaya Musulmi zai yi salla da azumi a inda rana ba ta faɗuwa?" Tambaya ce mai kyau, kuma malamai sun daɗe da duba ta, domin akwai Musulmi da yawa a arewacin Turai da ke fuskantar irin wannan. Abin da suka tafi a kai shi ne a ƙaddara lokaci: a bi na gari mafi kusa da ke da dare da rana, wasu kuma suka ce a bi na Makka.

Hamada mai ruwa a daskare

Da damina rediyo kan faɗi milimitar ruwan da aka samu a kowane gari, manoma kuma sun iya sauraron wannan lissafi. A ƙasar Damagaram, shekara mai matsakaicin kyau takan ba da wajen milimita 400. A tsakiyar Antatika, in an narkar da duk dusar ƙanƙarar da ta zuba a shekara, ba ta kai milimita 50 ba. Ko Agadas ta fi ta samun ruwan sama. Don haka masana ke lissafa ta cikin hamada, har ma ita ce hamada mafi girma a duniya, ta fi Sahara.

To daga ina ƙanƙarar ta taru? Daga rashin narkewa. Ɗan abin da ya zuba bana yana nan, na baɗi ya hau kansa, na shekara mai zuwa ya danne su. Nauyi ya matse na ƙasa ya zama ƙanƙara mai tauri. Haka ake yi tun kimanin shekara miliyan 34. Yau kaurinta a yawancin wurare ya kusa kilomita 2, a wasu wuraren ya haura kilomita 4 da rabi. Duwatsu da yawa sun nutse cikinta gaba ɗaya, sai dogaye irin Vinson ne suka fito da kai. Wajen kashi 90 cikin 100 na ƙanƙarar duniya a nan take, haka ma wajen kashi biyu cikin uku na duk ruwan daɗin duniya, wato ruwan da ba na gishiri ba.

Wanda ya tashi a ƙasar nan ba zai karanta wannan adadi hankalinsa kwance ba. Birnin Damagaram a kan dutse yake zaune, rijiya ba ta saurin ba da ruwa, kuma ƙarancin ruwa na cikin dalilan da suka sa Faransawa suka ɗauke babban birnin Nijar daga can suka mayar Yamai a 1926. Har yanzu da bazara mata da ƴan ga-ruwa sun san layin famfo da na rijiya. Ga shi kuma mafi yawan ruwan shan duniya na kwance inda ba mai sha. Wanda ya je can ma bai tsira daga ƙishirwa ba, domin ko kurɓi ɗaya ba zai samu ba sai ya kunna risho ya narkar. In man rishonsa ya ƙare, yana zaune bisa ruwa mai zurfin kilomita, ƙishirwa za ta iya kashe shi.

Masu hawa

An fara taka kan Vinson ran 18 ga Disamba 1966. Wata tawagar Amurkawa ce ƙarƙashin jagorancin Nicholas Clinch. Yanzu kowace shekara, tsakanin Nuwamba da Janairu, mutane kan je. Sukan taso daga Punta Arenas a kudancin ƙasar Chile, jirgin sama ya sauke su bisa wani filin ƙanƙara, ƙaramin jirgi mai sauka kan dusar ƙanƙara ya ƙarasa da su gindin dutsen. Wannan zangon farko kansa yana wajen mita 2,100, ya riga ya ɗara Bagzan. Daga nan sai ƙafa. Kowa na jan kayansa a bayansa, an ɗaure mutanen da igiya ɗaya, domin ƙanƙarar na da tsagogi masu zurfi da dusa ke rufe bakinsu. In ɗaya ya rufta, sauran su riƙe shi. Iskar shaƙa ta yi ƙaranci, yatsan da aka bari a waje na ɗan lokaci zai iya mutuwa har a yanke shi, hasken da ke tashi daga farar ƙasa kuma yana makantar da wanda bai sa baƙin tabarau ba. Duk abin da mutum ya kai sai ya dawo da shi, har bayan gidansa, a cikin leda.

Akwai ɗan Afirka cikin waɗanda suka hau. Sibusiso Vilane na Afirka ta Kudu, wanda ya fara aiki a matsayin mai gadin gandun namun daji, shi ne baƙar fata na farko da ya hau Eberest a 2003. Ya hau Vinson, kuma a Janairun 2008 shi da abokin tafiyarsa Alex Harris suka isa ƙuryar kudu da ƙafa, suna jan abincinsu da kansu, tafiyar fiye da kilomita 1,000.

Jaruntaka ce, ba shakka. Amma hawan na cin dubun-dubatar daloli, kuma mafi yawan masu zuwa suna so ne a ce sun hau. A ganina waɗanda suka fi amfanar mu su ne waɗanda suka je suka sunkuya suna duba duwatsun, suna tambayar yadda aka yi suka zo nan.

Abin da aka gani a Jado

A 1912 wani Bature ɗan Ingila, Robert Scott, ya mutu da mutanensa a hanyar dawowa daga ƙuryar kudu. Sun isa can ran 17 ga Janairu, suka tarar Roald Amundsen na Norwe ya riga su tun 14 ga Disamba 1911. Yunwa da sanyi suka cinye su. Da aka gano gawarwakinsu, sai aka iske cikin kayansu akwai duwatsu kilo 16 da suka ƙi jefarwa duk da sun gaza. A jikin wasu duwatsun akwai hoton ganyen wata bishiya da ta daɗe da ɓacewa daga duniya. An sami irin wannan ganye a jerin duwatsun Ellsworth, ba nisa da Vinson. An kuma same shi a kudancin Afirka, da Indiya, da Ostareliya, da Kudancin Amurka.

Bishiya ba ta tsirowa cikin ƙanƙara, irinta kuma ba ya haye teku mai faɗin dubban kilomita. Amsar da masana suka cimma ita ce waɗannan ƙasashe a da a manne suke, dunƙule ɗaya, wanda suka sa wa suna Gwandwana. Wani Bajamushe, Alfred Wegener, ya faɗi haka tun 1912, aka ƙi yarda da shi, har ya mutu cikin ƙanƙarar Girinlan a 1930. Sai a shekarun 1960 aka tabbatar ƙasar da muke takawa tana tafiya, santimita kaɗan kowace shekara. Ba mai jin motsinta. Amma santimita 2 a shekara, cikin shekara miliyan 100, kilomita 2,000 ke nan. Gwandwana ta fara tsagewa kimanin shekara miliyan 180 da suka wuce, Antatika ta gangara kudu ta daskare, Afirka ta yi arewa.

Yanzu mu dawo gida. Samari da yawa daga ƙasar Damagaram sun san Jado, can arewa maso gabashin Nijar bayan Kawar, tun da aka gano zinariya a can a 2014. Waɗanda suka je sun ba da labarin zafi, da tsadar ruwa, da dutse da yashi iya ganinka. A wannan yanki, da kuma kudancin Aljeriya wajen Ahaggar da Tasili, akwai shimfiɗaɗɗun duwatsu masu santsi da aka karce da dogayen layuka, duk suna bin gefe ɗaya. Masu neman man fetur ne suka fara lura da su a Aljeriya a shekarun 1960, daga baya aka yi nazarin na Jado. Iska ba ta yin irin wannan zane, ruwa ma ba ya yi. Abu ɗaya ne aka san yana yin sa: ƙanƙara mai kauri in tana tafiya. Domin tana tafiya, a hankali, nauyinta na tura ta gangare, tana jan tsakuwa da manyan duwatsu a ƙarƙashinta, tana goga su a kan dutsen ƙasa kamar yadda ɗan dutsen niƙa ke cin uwarsa. Inda ta tsaya ta narke kuma sai ta zubar da kayanta a cakuɗe, ƙaton dutse kusa da laka, ba tacewa. Duk waɗannan alamu suna nan a Jado.

Da aka auna shekarun duwatsun, sai aka sami kimanin shekara miliyan 445. A wancan zamani ɓangaren Gwandwana da ya zama Afirka ta Yamma shi ne ke zaune a wajen ƙuryar kudu. Ƙanƙara ta rufe babban yanki na abin da yau muke kira Sahara. Ruwan teku ya ja baya saboda yawan wanda ya daskare, mafi yawan nau'o'in halittun ruwa na lokacin suka halaka. Babu mutum, babu dabbar tudu, babu bishiya. Da akwai mai kallo, da abin da zai gani a arewacin Nijar shi ne abin da ake gani yau a kewayen Vinson: fari ko'ina, da kawunan duwatsu jefi-jefi.

Ina so mu dakata a nan kaɗan, domin wannan shi ne zuciyar darasin. Mun saba ɗaukar ƙasa a matsayin abin da ba ya canjawa, mu ce haka muka tarar. Amma ƙasar Nijar cike take da shaidar cewa ta sha sauya kama. Bayan zamanin ƙanƙara da daɗewa ta zama ƙasar koguna da dazuzzuka. Ƙasusuwan manyan dabbobin da aka tono a Gadafawa, har da kada mai tsawon wajen mita 10, shaida ne, kuma wanda ya je gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai zai ga irinsu da idonsa. Kusa-kusa kuma, shekaru dubbai kaɗan da suka wuce, mutane sun sassaƙa raƙuman dawa a jikin dutse a Dabus, arewa da Agadas, inda yau ba ciyawar da za ta riƙe su. Ikon Allah ne ke juya ƙasa haka, kuma Ya bar alamu a jikinta ga wanda ya koyi dubawa. Wannan dubawa ba gadon Turawa ba ce. Makiyayin da ke gane sawun raƙuminsa cikin ɗari, da maginin rijiyar da ke duban launin ƙasa ya ce saura gaba biyu a kai ruwa, irin aikin suke yi. Abin da makaranta ke ƙara musu shi ne rubutu da lissafi, don abin da suka gani ya isa ga wanda bai je ba.

Abin da ƙanƙara ta ajiye

Ita ma ƙanƙarar ana karanta ta. Lokacin da dusa ke matsewa, takan rufe ƴan ƙananan kumfan iska a cikinta, iskar shekarar da ta zuba. In aka haƙa aka zaro doguwar sandar ƙanƙara, na sama sabuwa ce, na ƙasa tsohuwa. A wani wuri da ake kira Dom Se, inda Faransa da Italiya ke da tashar Konkodiya, masu bincike na Turai sun haƙa fiye da mita 3,200, suka gama a 2004, suka sami iskar shekara 800,000.

Abin da suka auna shi ne iskar kabon, wadda ke fita in an ƙona fetur, gas, kwal ko itace, kuma take riƙe zafi a sararin sama. Cikin duk shekarun nan 800,000, yawanta na hawa da sauka tsakanin kashi 180 da 300 cikin miliyan, zafin duniya na bin ta. Yau ta haura 420. An yi wannan tsalle ne cikin ƙasa da shekara 200, tun da masana'antu suka yawaita. Tauraron ɗan adam ya nuna Antatika na asarar kimanin tan biliyan 150 na ƙanƙara kowace shekara tun 2002. Teku ya hau da wajen santimita 20 tun 1900. Da duk ƙanƙarar nahiyar za ta narke, da ya hau mita 58. Wannan ba abin ƙarni ɗaya ko biyu ba ne, amma ko mita ɗaya ya isa ya ɓata unguwanni a Ikko da Kwatano da Lome. Mu ba mu da teku, sai dai ta irin waɗannan tashoshi shinkafa da siminti da magani ke zuwa mana, kuma can ƴaƴanmu da yawa ke cin rani.

Afirka duka, da yawan mutanenta, abin da take fitarwa na wannan iska kusan kashi 4 ne cikin 100. Ba mu muka hura wutar ba, amma zafinta na iso mu, kuma wannan rashin adalci ne da ya kamata kowane ɗan ƙasa ya iya faɗa da hujja da adadi. Dattawan da suka ga yunwar 1973 da ta 1984 sun san abin da ƙaramin canji a damina ke yi wa gida. Abin da ke hannunmu kuwa mun riga mun fara: gawon da manoman Matamai da Magariya da Mirriya suka bari ya sake tsirowa cikin gonaki, da gandun dajin Takieta da mazauna kewayensa, manoma da makiyaya, suka karɓi kula da shi.

Wa ke da ita

Ran 1 ga Disamba 1959 ƙasashe 12 suka sa hannu kan wata yarjejeniya a Washinton: ba yaƙi a Antatika, ba sansanin soja, ba gwajin makamin nukiliya, kuma duk da'awar mallaka an jingine ta. A 1991 aka ƙara wata a Madrid da ta hana haƙar ma'adinai. Yau ƙasashe fiye da 50 ke ciki. Daga nahiyarmu Afirka ta Kudu ce kaɗai, ita ce kuma ke da tashar bincike a can. Ana yanke shawara kan mafi yawan ruwan daɗin duniya, sauran ƙasashen Afirka ba su da kujera a wurin.

Aiki

1. Karanta waɗannan adadi da ƙarfi, sannan ka rubuta su da kalmomi: 4,892, 2,022, 1966, 800,000.

2. Daga Damagaram zuwa Yamai kimanin kilomita 900 ne. Sau nawa za ka yi wannan tafiya kafin ka cika kilomita 11,000?

3. Mita nawa Vinson ya ɗara Bagzan? In ana digiri 35 a wurin da ke mita 500 sama da teku, digiri nawa za a samu a mita 2,500? Ku yi shi biyu-biyu, wanda ya gane ya nuna wa ɗan'uwansa.

4. Da bakinka, ba tare da duba littafi ba, bayyana wa aji abin da ya sa ake kiran Antatika hamada, da yadda aka gane ƙanƙara ta taɓa bi ta Jado.

5. Kafin zama na gaba, kowa ya sami dattijo ko dattijuwa a unguwarsu ya tambaya: wane tabki ne a da yake kai wa rani da ruwa yanzu ba ya kaiwa, gaba nawa rijiyar gari take da can kuma nawa take yanzu, wace bishiya ce ta ɓace, wacce ta dawo? A rubuta amsar cikin layi biyar, da sunan wurin da shekarar in an tuna. In akwai wanda ya taɓa zuwa Jado, ko Bilma, ko Abzin a cikinku ko a gidanku, a roƙe shi ya zo aji ya faɗa mana irin duwatsun da ya gani.